Tafin Ƙafar Safiyanu

Kwana bakwai muka taka a ƙasa daga Gaya zuwa Mauludin Kiyota, ni da jikata Ajuma. Safiyanu mai nemanta ya rantse da shi za a taka, amma tun kwana na biyu ya ɓace.

Muna komowa sai ga shi da goron neman aure, wai ayarin gaba ya bi a ƙasa.

Ajuma ta kafe shi da ido. "Cire takalmi."

Ya cire. Tafi sumul kamar na jinjiri! Nata kuwa duk faso.

"Ajuma, tsaya ki ji..."

"Da cewa ka yi ka gaji, wallahi da na aure ka."

Na tura masa goronsa da sandata. "Ga ƙofa, ɗan nan. Ko ita ma sai an kawo maka mota kamar zuwa Kiyota?"