Ɗalibin Ƙarshe a Ajin Madam Konadu

Madam Konadu ta maka bulala a kan tebur, Ofori ya miƙe zumbur har gwiwarsa ta daki benci.

"Wa ya ce ka zauna ban ba ka izini ba?"

"A yi haƙuri, Madam."

Duk garin Mampong an san ta da iya koyar da Turanci, an kuma san ta da zafin rai. In ta kori mutum daga aji, to ya koru ke nan. Kwanan baya Afia, ƙanwar Ofori, ta yi dariya ana tsakiyar darasi. Tun ranar, ko leƙowa ta yi sai Madam ta fasa ihu wai ga ɓarauniya. Yanzu Ofori kaɗai ya rage, in aka kore shi kuma babu wani. Da wannan fargabar yake kwana, da ita yake tashi.

Darasin yau a kan maganganun Turawa ne masu kalmar wasa a ciki. Ta rubuta su a allo, allin na karyewa.

"Kai! In Bature ya ce kana wasa da wuta, me yake nufi?"

"Kana tsokanar abin da zai cuce ka, Madam."

"In ya ce kana wasan wawa fa?"

"Kana shirme da gangan don a yi dariya."

Ta harare shi ta saman tabarau. "In ya ce ka bi mutum da wasansa?"

Ya san amsar sarai. Jiya ma ta yi masa tambayar, haka shekaranjiya. Amma yau sai ya sunkuyar da kai yana jujjuya littafinsa. Madam ta nuna ƙofa da bulala.

"Ni za ka ɓata wa lokaci, dolo? Kwashi littattafanka!"

"Madam, wato…" muryarsa ta karye. "Ka nuna wa mutum ka yarda da abin da yake faɗa, ko ka san ba haka ba ne, don kada ransa ya ɓaci."

Ta jima tana kallonsa, sannan ta sauke bulalar ta kaɗa ƙararrawar tara.

A dokar ajin, wanda ya zo na ɗaya ne kawai yake kawo wa malama abinci, ba ta kuma karɓa daga hannun kowa sai shi. Ya ajiye mata dokunu, tuwon masarar Gana, da soyayyen kifi, da ƙwayoyin magani a gefen faranti. Ta cinye tas, ta haɗiye maganin.

"Yaron kirki," in ji ta. "Uwarka ta iya tarbiyya. In ka koma gida ka gaishe ta."

"Za ta ji, Madam."

Ofori ya ɗauki farantin, ya shafa furfurarsa, ya fita daga falon mahaifiyarsa da ta daɗe da manta ita ta haife shi.