Sunan Bahijja Bai Fito Ba

Malam Arzika yana ɗaure buhun taki a bayan babur lokacin da hayaniya ta tashi a rumfar Lawali mai shayi. Bai ɗaga kai ba. Ya ƙara jan igiyar, ya ƙulle.

Ranar ce aka sanar da sunayen waɗanda za su fafata a gasar finafinan Hausa ta bana, kuma Bodinga ta tashi da shirin murna. Kowa ya sakankance cewa a jerin jarumai mata za a ji sunan Bahijja, 'yar Malam Arzika tilo. A fim ana ce mata Bahijja Kajiji, da sunan garin mahaifiyarta, don haka a Kano ba kowa ya san ko 'yar wa ce ba. Amma a nan an sani. A nan aka goye ta.

Sunanta bai fito ba.

Lawali ya ƙetaro titi da waya a hannu, har ya manta da tukunyarsa a kan wuta.

"Malam, ka ji abin da sunka yi muna? Sun bar ɗiyarmu, sun ɗauko wata wai ita Safiya, wadda ko sunanta ba mu taɓa ji ba!"

"Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji Malam Arzika.

"Wane alheri? Cin amana ne! Shi ya sa sunka ɓoye sunayen alƙalan."

Dattijon ya dafa buhun. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, "Safiyar ta iya. Akwai inda take wanke kwanon mijinta da ya rasu. Ba ta ce uffan ba, amma sai ka ji naka gidan ne aka yi mutuwar."

Lawali ya dube shi. "Fim ɗin da ko fitowa bai yi ba?"

"Haka na ji ana faɗi."

Ya tada babur ya kama hanyar Shagari, inda lambun albasarsa yake.

Kafin ya fita gari an tsayar da shi ya fi a ƙirga. Masu facin taya, mata masu dawowa daga niƙa, har da limamin unguwa wanda bai taɓa kallon fim ba, kowa na ba shi haƙuri kamar ranar ta'aziyya. Sun san shi ne ya koya mata. Shekarunsa na aiki duk a wasan kwaikwayon rediyo ya ƙare su a Sakkwato, kuma tun tana ƙarama yake tsayar da ita a tsakar gida yana ce mata kuka ba a maƙogwaro yake ba, a kafaɗa yake.

Tun rasuwar matarsa Dije, gidan nan ya yi masa yawa. Tuwo maƙwabta ke aiko masa, ya ci a zaure, wayarsa jingine da buta, Bahijja na magana a cikinta da wani uban fim da ba shi ba. A watan jiya ne kawai ya bar garin, ya yi 'yan kwanaki a Kaduna, wajen wani zama da aka gayyaci tsofaffin 'yan wasa. Ya dawo idanunsa jajur, ya rage fita majalisa. Mutane suka ce tsufa ne.

A lambu bai taɓa takin ba. Ya zauna a gindin mangwaro, ruwa na bin kwari tsakanin fangalin albasa, wayar kuma na ta kaɗawa a aljihu. Ya duba. Wani matashi na rantsuwa cewa an sayi alƙalan. Wata mata na cewa ƙiyayyar Sakkwatawa ce kawai. Wani ya ce duk wanda ya yi wannan aiki ba shi da 'ya.

Ya kife wayar a kan cinyarsa. Sai ta yi ƙara, ya juya ta, ya ga sunan da tun safe yake tsoron gani.

"Baba." Muryarta ta dishe. "Ka ji?"

"Na ji, ɗiyata."

"Kowa na kirana, ban ɗauka ba. Kai kaɗai nake son ji. Kai ka san abin da na zuba a fim ɗin nan. Ranar da munka ɗauki wurin jana'izar, Inna ce ta faɗo mini a rai, sai da aka riƙe ni."

"Na gani. Kin yi ƙoƙari."

"An ce har ƙarshe sunana na ciki. Mutum ɗaya ne ya cire ni, Baba, mutum ɗaya. Ban san shi ba, amma wallahi ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi."

"Bahijja, ba a gaggawar irin wannan magana."

"Har kai ma? To wa nake da shi?" Ta fashe da kuka, irin na gaske, mai fitowa ta maƙogwaro. "Ka ce amin, Baba. Don Allah ka ce amin, in san akwai wanda ke tare da ni."

Ya dubi lambun daga wannan gefe zuwa wancan. Babu kowa sai balbela guda a bakin kwari.

"Amin," ya ce.

Ta yi ajiyar zuciya, ta yi masa godiya, ta kashe wayar.

Gurbi ɗaya ne ya rage ranar nan a Kaduna. Alƙalai biyu suka ce Bahijja, biyu suka ce Safiya, sannan duk suka juyo suna jiran na biyar, dattijon da ya karɓi aikin don kawai ya ga 'yarsa ta shiga. Malam Arzika ya daɗe yana kallon tafin hannunsa kafin ya ce Safiya.