Awon Fadama a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Gyara zama, Alhaji, in buga maka misali da abin da ya sami wani magatakardan dagaci.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya shafe gonakin fadama, gidaje arba'in da biyu suka wayi gari ba wanda ya san inda gonarsa ta tsaya. Duwatsun iyaka sun bi ruwa, kunyoyi sun baje, kowa sai ya miƙa hannu ya ce daga nan zuwa can nasa ne. Har an fara zare wa juna ido a masallaci. Shaidar da ta rage ɗaya ce, awon da marigayi malamin gona ya yi shekara goma sha biyar da suka wuce, gona bayan gona, ya zuba a wata tsohuwar kwamfuta da ke ofishin dagaci. Da magatakarda ya kunna ta, sai ya tarar cutar nan da ake kira bairos ta ci ƙarfinta. Ka taɓa abu ɗaya, goma su buɗe kansu, ta yi ta nishi kamar jakin da kaya suka fi ƙarfinsa. Ga kuma wani rubutu da ya kafe a fuskarta, wai saura kwana uku a sabunta rajistar manhajar da ke tafiyar da ita, in ba haka ba ta kulle kanta.

Ya naɗe ta a bargo, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi birni. A shagon farko samari suka yi dariya, suka ce wannan ai kakar kwamfutoci ce. A na biyu suka ce aikin awa ɗaya ne, za su wanke ta tas su zuba mata sabuwar manhaja. Da ya tambayi makomar awon, sai suka ɗaga kafaɗa. Haka yini guda ya tafi a banza. Washegari wani mai shayi ya kwatanta masa wani dattijo a lungun masu gyaran rediyo, wanda ya fara sana'a tun zamanin tafireta, yanzu kuwa sai jefi-jefi ake kai masa aiki.

Dattijon bai ko kunna ta ba. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce, "Me ka fi tsoron rasawa, ɗana, akwatin ko abin da ke cikinsa?"

Magatakarda ya ce, "Abin da ke ciki, Baba. In ya ɓace, jini za a zubar a garinmu."

"To shi za mu fara fiddawa."

Ya kwance murfin, ya share ƙura da saƙar gizo da gashin kaza, ya zaro rumbun ajiyar kwamfutar. Ya laluba wani gwangwani mai tsatsa ya ciro wata tsohuwar wayar haɗi irin wadda kasuwa ta daina sayarwa, ya haɗa rumbun da tasa kwamfutar mai lafiya. Sai ya shiga kwashe takardun malamin gona ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ya bincike ta kafin ya tsallake da ita, kamar mace mai tsince tsakuwa a shinkafa. Magatakarda na zaune a kan benci, ido ɗaya a kan dattijo, ɗaya a kan inuwar da ke ja da baya a bakin ƙofa. Hannun tsohon kuwa na tafiya ba rawa ba gaggawa. Kafin la'asar awon gona arba'in da biyu ya fito cif, an buga shi a takarda, an kuma adana shi wuri biyu.

Magatakarda ya miƙe zai yi godiya ya tafi, dattijo ya ce shi ba ya sallamar majinyaci da sauran ciwo a jikinsa. Rana ta uku ya ɗauko wani faifai da ya ajiye tun shekarun baya, ya bi cutar lungu-lungu ya kawar da ita. Saura rajista, ita kuwa sai da wata doguwar lamba da ke kan takardar da aka manna a bayan akwatin, ga rubutun ya koɗe kamar ba a taɓa yinsa ba. Dattijo ya ɗauki akwatin zuwa bakin ƙofa, ya karkata shi ga hasken hantsi, ya ɗora tabarau a kan tabarau, yana karantowa magatakarda na rubutawa. Haruffa biyu suka rikitar da su. Gwajin farko kwamfutar ta ƙi karɓa. Dattijo ya koma ya sake duba, ya canza harafi ɗaya. Kafin a kira azahar rubutun gargaɗin kwana ukun nan ya ɓace daga fuskarta, kwamfuta ta buɗe sumul.

Ranar Asabar dagaci ya tara jama'a a fadama da igiyar awo, magatakarda na karantawa ana kafa turke. Har wata gyatuma da aka fara haɗiye 'yar gonarta ta albasa ta sami abinta taku ashirin da bakwai, ba ragi. Aka tashi ba wanda ya ɗaga wa wani murya.

Ka ga, Alhaji, Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.