Inda Garma Ba Ta Bi

Sau uku matar ta tambaya, sau uku tsohon ya ce shi bai san wani jirgin sama da ya faɗi a ƙasar Bunguɗu ba.

Tun da aka yi sabuwar jiha, duk wanda ya taso daga Gusau riƙe da taswira, gonar wani yake hari. Wannan kuma ga taswira a hannunta, ga gicciye a wuyanta.

"Baba, daga Tsafe aka turo ni wurinka. Zamanin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, abin ya faru."

"Ƙarya suka yi miki."

Ta naɗe taswirar a hankali. "Mahaifina yana ciki. Soja ne. Ina goye aka kawo labarin."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauki sandarsa, ya ratsa da ita cikin dawarsa har wani ɗan fili mai tsawon mutum, kewaye da duwatsu, a share tas.

"Turawa sun kwashe gawarwakin nasu, suka bar shi, shi kaɗai ne baƙar fata. Shekara hamsin da biyar garma ba ta bi nan ba. Sai dai ki yafe mana, ɗiyata. Ba mu san addininsa ba, sallarmu muka yi masa."