Bargon Makiyayi a Gidan Masunci

Ka taɓa jin uwar da ta haifi "iso" ta kuma haifi "tafi"? To, Latin, tsohon harshen Rumawa, ta yi wannan haihuwa. Tana da wani aikatau, plicare, ma'anarsa naɗewa. Faransawa suka gaje shi da sunan plier, suna ta naɗe kayansu lafiya lau. A bakin Sifaniyawa ya zama llegar, a na mutanen Fotugal chegar, duka biyun isowa ke nan. Amma a ƙasar Romaniya ya zama pleca, wai tashi a tafi! Masana na ganin matuƙan jirgin ruwa sai sun iso gaɓa suke naɗe ƙyallen jirginsu, masu yawo da tanti kuwa sai za su tashi suke naɗe nasu. Tsaya in kawo maka misalin har gida.

Wa da ƙane ne, ciki ɗaya, neman abinci ya raba su tun suna samari. Wan ya bi kogi ya zama masunci, a garin da ba a shimfiɗa komar kamun kifi sai za a fita su, ba a naɗe ta sai an dawo. Har ya zame musu al'ada, baƙo na sauka maigida zai naɗe masa bargo, wato tafiya ta ƙare. Ƙanen ya bi shanu, inda ba a naɗe shimfiɗa sai ranar ƙaura. Da furfura ta fara leƙo su, makiyayin ya tuna zumunci a ƙafa yake, ya nufi gidan wansa.

Ya iso da yunwa, ya baje bargonsa a zaure, ƙamshin farfesun tarwaɗa na dukan hancinsa. Wan ya fito a guje, ya rungume shi har da ƙwalla, ya janye bargon ya naɗe tsaf. Makiyayi ya haɗiyi yawu ya ce, "Haba Yaya, ko ruwa ban sha ba fa." Ya warware bargon ya zauna daram. Masunci ya ga an shimfiɗa, ya ce: "Ɗan'uwa, daga zuwa sai tafiya?" Ya fizge ya sake naɗewa, har da dannawa da gwiwa. Wannan ya shimfiɗa, wancan ya naɗe, gumi na zuba, kowa na ganin ɗan'uwansa ya yanke zumunci. Makiyayi ya kai hannu ga sandarsa ke nan zai fita fitar da ba dawowa, sai matar gidan ta gaji da kallo, ta dire tukunyar farfesu a tsakiyar bargon, rabi a naɗe rabi a shimfiɗe. Ba wanda ya sake taɓa shi. Sai da suka suɗe ƙashi sannan kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ke nufi.

Don Allah, ran da wani ya naɗe maka bargo, tambaye shi daga ina ya taso kafin ka nemi takalmanka. Ai Hausawa sun gama magana: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.