Maɓalli Mai Ƙafar Kaza

Sau uku ke nan tela tana warware hannun riga ɗaya. Rediyon da ke gefen kekenta bai huta ba, sai labarin shari'ar da ta hana gari sakat: an tsinci matar wani attajiri a shaƙe a ɗakin girkinta, da maɓallin riga damƙe a tafin hannunta.

Da farko mijin aka gurfanar. To amma mai kuɗi ba ya rasa lauya mai baki. Lauyan ya juya akalar zance kan maigadin gidan, wani dattijo da aka samu yunifom ɗinsa babu maɓalli ɗaya. Kafin mako ya zagayo, gari ya riga alƙali yanke hukunci. In kotu ta bi bakin mutane, rataya ce.

Kowa ya yarda, ban da tela. Tun ranar da hoton maɓallin ya bazu a waya take ƙara girmansa da yatsu biyu, ta rufe, ta sake buɗewa. Duk wadda ta zo awo sai ta sha bayani: maɓallin yunifom inji ke kafa shi, layi biyu a jere, wannan kuwa ɗinkin hannu ne, zare uku sun fito daga huda ɗaya kamar ƙafar kaza. Matan su ce Allah ya kyauta, su tambayi ranar karɓar kayansu.

Abinci ya daina shiga mata. Ta zauna, ta tashi, ta nemi almakashi yana hannunta. Tsoro take ji, ba ta kuma da wanda za ta gaya wa.

Da azahar mijinta, mai gyaran famfo, ya leƙo shagon da jakar kayan aikinsa. Kwanan nan yana yawan zama kusa da gida, wai aikin unguwar masu kuɗi ya ishe shi. Ya kashe rediyon yana dariya.

"Ranki ya daɗe, babbar lauya. Maigadi ne, kowa ya sani. Ina ruwan biri da gada?"

"Maigida, ba tsohon nan ba ne," ta ce a hankali. "Na ga jikokinsa a ƙofar kotu."

Ya ce to mijin marigayiyar ne ke nan, ta ci abinci ta daina zama kamar mara lafiya. Ta ci gaba da ɗinkinta. Attajiri ba ya sa rigar da aka yi wa gyara, wannan ko sabon shiga ɗinki ya sani.

Washegari ne za a rufe jin shaidu. Sau biyu cikin makon nan ta je har ƙofar kotu ta juyo. Da gari ya waye ta ba yara kari, ta kulle shago, ta nufi kotu, ba ta waiwaya ba.

Ƙafar kaza ɗinkin mahaifiyarta ne, ita ta koya mata. Shekara shida ke nan da ta sayi injin kafa maɓalli, ba ta ƙara yi wa kowa da hannu ba sai mutum ɗaya. Washegarin kisan ma ta kafa masa sabo a rigar aikinsa, yana tsaye a kanta yana cewa famfo ne ya fizge wancan.