Muryar da Ta Kulle Unguwa

Ƙofa ta goma sha ɗaya ke nan da Auta ya ƙwanƙwasa tun safe, amsar kuma ba ta canza ba. Wani tela ya leƙo ta taga, ya ce shi 'ya'ya biyar gare shi, ƙuri'a ba za ta riƙe masa su ba in aka fasa masa kai. Ya saki labulensa.

Ranar zaɓe ce, amma layin ya yi tsit kamar an yi rasuwa. A makarantar firamare da aka kafa rumfa, ma'aikatan zaɓe sun fi masu zaɓe yawa. Ɗaya har ya kifa kai a kan tebur yana gyangyaɗi.

Duk wannan aikin wani saƙon murya ne na minti ɗaya da rabi. Wata murya mai kauri, a natse, ta ce wa 'yan'uwa su zauna a gida: an tanadi fetur, an raba adduna, duk wanda ya hau layi ya yi sallama da iyalinsa tukuna. Ba ta ambaci unguwa ba, ba ta ambaci jam'iyya ba. An ce a tsallaken layin dogo aka fara jin sa, kwana huɗu da suka wuce. Kafin kwana biyu ya tsallako, kowace uwa ta tura wa ƙanwarta, kowane dattijo ya rantse da mutanen wannan ɓangare ake.

Layin dogon nan shi ya raba garin gida biyu, kuma kowane ɓangare ya daɗe yana kallon ɗayan a kaikaice. Na tsallake suna bayan wani tsohon ɗan kwangila. Na nan suna bayan wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, wadda ta yi alkawarin buɗe ɗakin wankin ƙoda na asibitin unguwa, da ya shekara biyu a garƙame. A ofishin kamfe an lissafa, an sake lissafawa: ɓangarorin kusan kai ɗaya suke, wanda mutanensa suka fi fitowa shi zai ci.

Auta ba ɗan siyasa ba ne. Ɗan shago gare shi na ɗaukar tallan rediyo, ɗaki ɗaya da aka manna wa soso a bango. Ciwon Mama, mahaifiyarsa, ne ya jefa shi cikin kamfen Sista. Sau biyu a mako yake ɗaukar ta, sai sun hau mota uku, zuwa babban asibiti wankin ƙoda, su dawo da ita kamar tsumman da aka matse. Likita ya riga ya gaya masa a gefe cewa jikinta ba zai jure wannan zirga-zirga wata shekara ba.

Ya buga ƙofar mai kanti, ya buga ta direban bas. Duk wanda ya ce wa saƙon ƙarya ne, sai ya tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce ya dai sani, su kuma su rufe ƙofa.

Da azahar ya hau gadar ƙafa ya hango tsallake. Layin masu zaɓe ne har ya sha kwana. Tsofaffi sun zo da kujerunsu, mata da goyo, wasu da lema. Su ma sun ji saƙon, su suka fara ji ma, amma sun fito. Ya daɗe riƙe da ƙarfen gadar, ga haushi ga kunya, bai san wanda ya fi cin sa ba.

Saura 'yan mintuna a rufe rumfar zaɓe ya koma gida a guje. Lissafinsa ɗaya: Mama ce babbar matan layin. In ta fito da sandarta ta taka zuwa makaranta, babu matar da za ta iya zama a ɗaki, mazan kuma kunya za ta fito da su.

Ya same ta a tsakar gida, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan tabarma, katin zaɓenta a kan cinya. Tun asuba ta yi wanka ta shirya, amma mabuɗin ƙofar gida na ɗaure a bakin zaninta.

Ya durƙusa. Ya yi mata maganar asibiti, ya yi mata maganar mota uku, ya ce ya zagaya da ƙafarsa bai ga ko sanda a hannun kowa ba. Har hawaye ya yi.

"Mama, don Allah ki tashi. Wallahi babu abin da zai faru. Wani maƙaryaci ne kawai ya zauna ya tsara."

Ta dube shi a nutse, babu faɗa a fuskarta sai tausayi. Ta ce ta san yana so ya kwantar mata da hankali ne don Sista ta ci, Allah Ya yi masa albarka. Amma ita ce ta bi matan layin ɗaya bayan ɗaya ta hana su fita, kuma ba za ta janye ba.

"A kan maganar wanda ba ki sani ba, Mama?"

Daga nesa aka ji ƙarar ƙofar makaranta ana jan ta. Mama ta ɗauki katin ta tura ƙarƙashin tabarma.

"Ko sau nawa ka kumbura muryarka a saƙon nan da na'urar shagonka, Auta, ni na haife ta. Kai kuma tunda kake ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."